Ranar da Innarku Ta Tambayi Baƙo

Da sunan Allah nake ci gaba da wannan rubutu, Shi da ya san abin da na faɗa da abin da na haɗiye.

Babangida, wannan babin naka ne fiye da na ƙanwarka Mariyama. Kai ne ka yi watanni ba ka ɗaga wayar innarku ba. Kai ne ka ce wa Mariyama ta zama Baturiya, ta manta gidan da ta fito. Na san inda ka samo wannan fushin, domin ni na ba ka shi da bakina, ranar da na kira ka daga Faransa na ce an kore ni. Yau Juma'a, na dawo daga masallacin Huaisheng, ina ɗakina na Guangzhou, na zauna na tashi, na leƙa taga na dawo, na rasa inda zan ajiye jikina. Gara in rubuta yadda abin ya faru tun hannuna yana iya riƙe biro.

Dole in fara da Alhaji Ɗanlami, Allah ya jiƙansa, in ba haka ba ba za ka gane sauran ba. Lokacin da na fara sauka China daga Maraɗi ban san kowa ba. Karatuna bai wuce firamare ba, Faransancina na kasuwa ne, shi kuwa a nan ko ruwan sha ba zai saya maka ba. Na tsaya a bakin filin jirgi da jaka ɗaya, duk wanda na tara da tambaya sai ya kaɗa hannu ya ce meiyo, wato babu. Wani dattijo Bakano ya dube ni sama da ƙasa ya ce daga ina. Na ce Maraɗi. Ya ce in ɗauko jakata. Iyakar tambayar da ya yi mini ke nan. Na kwana a falonsa cikin fatake har na san gari. Tire yana fitowa daga bayan labule cike da abinci, ya koma wayam. Ban taɓa ganin fuskar mai dafawa ba, ban kuma tambayi sunanta ba. Ranar da zan bar gidan ya riƙe hannuna ya ce:

"Hamisu, in Allah ya ba ka ɗaki, ka sauki mutane. Ka yi wa baƙo kowace tambaya ban da guda ɗaya. Kada ka taɓa ce masa yaushe zai tafi."

Da Allah ya buɗa mini na kama nawa gida, na ɗauko innarku daga Maraɗi, sai na ɗora daga inda ya tsaya. Kun ga wani abu daga ciki kafin a mayar da ku gida karatu. Katifu a jibge a kusurwar falo har kusa da silin, takalma a bakin ƙofa kamar na masallaci. Mutanen Maraɗi, na Yamai, Kanawa, Damagarawa, har da na Kumasi. Da safe in kwashe su mu tafi Shisanhang, layin masu sarin tufafi, in yi musu ciniki, mai shago ya dafe kai ya ce laoban, wato maigida, ka kashe ni, in ce masa ai ga ka nan a tsaye. In raka kayansu har Huangpu inda ake loda kwantena. Wayoyina biyu, babu wadda take hutawa. Tukunyar innarku kuwa sai mutum biyu suke sauke ta daga wuta. Tuwon shinkafa da miyar kuka, shinkafa da wake, dambu in an sami zogale. Baƙi su ci su sha, su ce Alhaji Allah ya ƙara buɗi, in ce amin. Fiye da shekara ashirin ni ake yi wa godiya.

Da ƙafafunta suka fara kumbura na ce yawan tsayuwa ne. Na je kasuwa na sayo mata doguwar kujera don ta riƙa zama a gaban murhu, har ina jin na kyauta. Mariyama ce ta zo hutu daga Faransa, inda take aikin jinya, ta danna ɗan yatsa a idon sawun innarta, ta ga ramin ya ƙi cikowa. Ta shige banɗaki ta daɗe. Gwaji ya nuna ƙodojin duka biyu sun gaji. Ita ta yi ta faɗi-tashin takardu har aka ba mu izinin zama, na bar harkata a hannun wani abokina, muka tafi Limoj, garin da take.

Limoj ba ƙauye ba ne, amma ga wanda ya fito daga Guangzhou kamar an toshe masa kunne ne. Mariyama da mijinta suna hawa na huɗu a benen da ba lifta, don haka ta kama mana ciki da falo a ƙasan gidan wata tsohuwa, Madam Kolet, kusa da asibitin da za a riƙa yi wa innarku wankin ƙoda sau uku a mako. Tsohuwar tana sama ita kaɗai da kyanwarta. A bayan gidan akwai ɗan fili mai ciyawa da itacen tuffa guda. Ranar da muka tare, Mariyama ta tsaya a tsakiyar falon ta ce:

"Baba, likita ya ce Inna ba ta da ƙarfin jiki. Murar da za ka yi ka warke, ita sai ta kwantar da ita a asibiti. Hutu take so, ban da cunkoso. Don Allah, nan ba Guangzhou ba ne."

"To wa na sani a nan da zai zo?" na ce. "Kyanwa?"

Ta yi dariya, ni ma na yi. A ranar gaskiya na faɗa.

Ban san shiru yana da nauyi ba sai a garin nan. Ka buɗe taga ka ji ƙarar takalmin mutum ɗaya tun daga farkon layi har ƙarshensa. Da tsakar rana shaguna da yawa su rufe, wai ana cin abinci. Ran Lahadi kuwa kamar an yi shelar kowa ya ɓuya. Wayoyina suka mutu da ransu. Da farko akan kira a tambayi wani abu, daga baya aka gane abokina ya iya, aka daina. Sai in ciro su in duba ko caji ne ya ƙare. Na kama yawo. In gangara bakin kogi, in haye tsohuwar gadar dutse, in dawo ta wata. Garin ya yi suna wajen tangaran, na shiga wani shago na ɗaga faranti guda na juya bayansa, na ga kuɗin da a China zan ba ka kwali cike. Na ce wa matar a rage mini, ba don ina son faranti ba, don dai in ji bakina ya yi ciniki. Ta dube ni kamar na roƙe ta zanen jikinta, ta ce kuɗin a rubuce yake, Misye. Na ajiye na fita. A masallaci Larabawa da mutanen Afirka ta Yamma muna gaisawa da kyau, amma ana sallamewa kowa ya duba agogo ya nufi motarsa. Ba wanda yake neman kwantena, ba wanda ya ɓata hanya, ba wanda yake buƙatata.

Innarku kuwa sai ga ta tana dawowa. Ranar wanki takan dawo a galabaice, ta kwana, amma washegari ta fita filin bayan gidan da ɗan bargonta ta zauna a rana. Madam Kolet ta sauko. Innarku Faransancinta bai wuce gaisuwa ba, tsohuwar ba ta san ko sannu ba, amma sai su wuni suna ɓarar wake suna dariya, ban san me suke faɗa wa juna ba har yau. Ta shuka na'ana'a da yakuwa a cikin robobi. Ta fara barcin rana, abin da ban taɓa ganin ta yi ba tun da na aure ta. Wata rana suka je kasuwa da tsohuwar, ta dawo da wata 'yar jar tukunya mai hannu ɗaya. Na ɗaga ta da yatsa biyu na ce:

"Hajiya, wannan tukunya ce ko kofin shayi?"

"Ta mutum biyu ce, Alhaji."

"In wani ya zo fa?"

"Sai ya tarar mun cinye."

Ta faɗa tana murmushi, tana goge ta da gefen gyalenta kamar an ba ta zinariya. Ni kuwa kunya tukunyar take ba ni. Duk lokacin da na gan ta a kan wuta sai in ji kamar an rage mini tsawo.

Yawona ya ƙare a tashar jirgin ƙasa. Babbar tasha ce mai doguwar hasumiyar agogo, ciki da ɗumi, ga kujeru. Na ce wa kaina ɗumin nake bi. Ƙarya ne. Zama nake ina kallon masu saukowa, idona yana neman baƙar fata mai babbar jaka da waige-waige. Wata la'asar na same shi: wani ɗan Damagaram da ya zo karatu, wanda zai tarbe shi bai zo ba, wayarsa ba ta aiki. Na ji bakina ya ce daga ina, kafin in yi shawara da kaina. Da na ɗauki jakarsa muka fito, wallahi Babangida sai na ji jini ya dawo mini ƙafa. Innarku ta buɗe ƙofa ta gan shi, ta dube ni, ta ce masa sannu da zuwa. Ta ɗora 'yar tukunyar sau biyu.

Shi ya kwana ya tafi, amma lambata ba ta tafi ba, ta shiga hannun mutane. Aka ji Hamisu Maraɗi yana Faransa. Mai zuwa ganin likita, mai wucewa kudu, mai jiran ɗan'uwa. Na sayo katifar da ake hurawa da iska, na ƙara ta biyu. Wata safiya Madam Kolet ta ƙwanƙwasa, ta tsaya tana kallon takalman bakin ƙofa ta ƙasan tabarau.

"Misye Hamisu, mutum biyu na ba haya. Ko dai ƙafa takwas gare ka?"

"'Yan'uwa ne, Madam."

"Dukansu? Mahaifiyarka ta yi ƙoƙari." Sai ta rage murya. "Ni hayaniya ba ta dame ni ba, kunnena ɗaya ya mutu. Matarka ce ba ta fito rana ba tun Litinin."

Na ji haushi, na ce a raina tsohuwar da ba ta da kowa sai kyanwa me ta sani game da mutane. Maganar ta kai kunnen Mariyama. Ta zo da kayan aikinta a jiki, ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda aka koya mata, sannan ta yi mini maganar da ba a koya mata ba. Ta ce in Inna ta kwashi ciwo a falon nan, ba za ta iya kallon idona ba. Na yi mata alkawari. Na sace iskar katifun na tura su ƙarƙashin gado, na koma yawon kogi, na daina bi ta tasha. Na yi kusan wata biyu a haka, ina kwana ina juyi.

Da sanyi ya kama sosai sai waya ta shigo. Nasiru ne, ɗan Alhaji Ɗanlami, wanda na san shi tun yana rarrafe a tsakanin katifun ubansa. Ya zo Faransa da abokansa biyu sayen tsofaffin manyan motoci, an ce musu akwai wani fili kusa da Limoj. Gaisuwa kawai ya kira ya yi, ya ce sun kama otel. Ni na ce ba a yi otel ɗin ba. Na ce ɗan Alhaji Ɗanlami ya kwana a otel ina garin, sai dai in na mutu. Ban gaya wa innarku ba sai da na dawo daga shagon Larabawa da babbar tukunya a kafaɗa da buhun shinkafa. Ta dubi tukunyar ta daɗe.

"Su nawa ne?"

"Uku. Nasiru ne fa, Hajiya. Ɗan mai gidana."

"Na ji. Kai ta kicin."

Ɗaya daga cikin abokan ya zo da tari. Na ji shi tun a tasha, na ce sanyi ne, na ba shi citta. Tagogi a rufe, na'urar ɗumama ɗaki a kunne, maza huɗu a falo muna cin abinci a tire ɗaya muna hirar China har muryata ta dishe. Na ɓoye wa Mariyama. In ta ce za ta zo sai in kwashe su mu fita. Kullum da safe in bi su filin motoci in yi musu tafinta, in buga taya da ƙafa, in yi wa Bafaranshe ciniki har ya cire hula ya sosa kai. Na dawo mutum. Mako ya wuce, na biyu ya shiga, takardun motocin ba su fito ba. Innarku tana dawowa daga wanki da auduga manne a hannu, ta jingina da bango ta tuƙa tuwon mutum biyar. Na ga hakan da idona. Abin da na yi shi ne na jawo mata kujera.

Ranar da ta faɗi ina filin motoci. Wayata ta yi ta rawa a aljihu, na ga sunan Mariyama, na ce ta gano ne za ta yi faɗa, bari in gama wannan cinikin. Ashe Madam Kolet ce ta ji ƙaurin abinci ya hau sama, ta sauko ta tarar da innarku a ƙasan kicin, jikinta kamar wuta, numfashi da ƙyar. Ita ta kashe murhu, ita ta kira motar asibiti. Ciwon ya sauka a huhu. Da na isa, Mariyama tana tsaye a bakin ɗakin. Ba ta yi faɗa ba. Ta miƙo mini takunkumin rufe hanci, ta matsa gefe, ba ta kalli idona ba, kamar yadda ta ce.

Za ka ce daga nan na sallami baƙi. Ban sallame su ba. Innarku ta yi kwanaki tsakanin rai da mutuwa, ina zuwa asibiti in dawo in tarar da su a falo sun yi tsuru-tsuru, in buɗe baki, sai in ji hannun Alhaji Ɗanlami a cikin nawa, in ce musu kun ci abinci kuwa? Har ranar da aka sallamo ta. Mariyama ta riƙo ta, suka zo bakin ƙofa da rana tsaka, ga takalma nan yadda ta bar su. Mariyama ta ja numfashi za ta yi magana, innarku ta dafa hannunta. Ta shiga a hankali, ta zauna a bakin kujera. Samarin suka zube suna yi mata sannu da jiki. Ta amsa wa kowa da sunansa. Sannan ta ce, da murya ƙasa-ƙasa:

"Nasiru, ɗana, yaushe za ku tafi?"

Nasiru ya sunkuyar da kai ya ce, "Yau, Hajiya. Yanzu ma. Ki yafe mana."

Ni kuwa ji na yi kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Ban ga ramar da ta yi ba. Na bi ta ɗaki na rufe ƙofa na ce ta san abin da ta yi kuwa, ta san ɗan wane ne ta kora, ta san a falon wa na kwana lokacin da ba ni da kowa.

"Na sani," ta ce. "Shi ya shimfiɗa maka tabarma sau ɗaya, Alhaji. Ni ce nake ta naɗe ta tun daga ranar. Na gaji."

"To gidan da aka kori ɗan Alhaji Ɗanlami ba gidana ba ne."

Ta kwanta ta ja bargo, ta juya fuska bango. "Ka ja mini ƙofar, akwai sanyi."

Na ɗauki jakar Nasiru a hannu ɗaya, tawa a ɗayan. Yaron yana roƙona in koma, ina ce masa ba ruwansa. A tasha na kira ka na ce an kore mu, ni da baƙina. Na ji yadda numfashinka ya sauya, na ji daɗi, don ina neman wanda zai tsaya a bayana. Na ce wa kaina wata guda zan yi a Guangzhou in duba harka in huce. Da na sauka na shaƙi warin garin, wayoyina suka farka, falo ya cika kafin in kwance jaka. Wata guda ya zama shekara, shekara ta haifi wata. Ina aika abin da ya sawwaƙa, muna gaisawa a waya kamar maƙwabta. Duk wanda ya tambaya in ce iskar Faransa ce ba ta karɓe ni ba.

Makon jiya bayan sallar Juma'a, ana ta cunkoson neman takalma a ƙofar Huaisheng, wani ya riƙo rigata. Nasiru ne, ya zo sari. Muka koma gefe ƙarƙashin wata bishiya, ya tambayi jikin Hajiya, na ce da sauƙi. Sai na fara ba shi haƙuri a kan abin da aka yi masa a gidana. Ya dube ni da mamaki.

"Baba, wane abin? Wallahi ranar nan Hajiya ceton mu ta yi. Tun kwana na uku muke son komawa otel. Muna ganin matar nan tana dafa bango. Sau nawa na ɗauko zancen? Kullum sai ka ce ina za mu, ko mun raina gidanka ne. Mu kuma ba ma iya fita ba ka sallame mu ba, kada a ce mun ci mutuncin abokin mahaifina."

Na ce ban tuna ba. Amma ina faɗa ina tunawa.

Ya ja carbinsa, sannan ya ce, "Ka san Ummata? Wadda take dafa muku?"

Na ce ban taɓa ganin ta ba.

"Sunanta Hadiza. Ba ta kai hamsin ba ta rasu. Da na koma Kano na ba yayata labarin tambayar Hajiya, kuka ta yi. Ta ce ina ma Umma ta iya."

Na dawo gida a ƙafa, ban hau mota ba. Tafiyar da nisa, ban ji ta ba. Ashe ba baƙin ne suka maƙale a falona ba, ni na riƙe su, don in ba su a ɗakin ban san ko ni wane ne ba. Alhaji Ɗanlami mutumin kirki ne, ba zan zage shi a kabarinsa ba, abin da ya yi mini Allah ne kaɗai zai biya shi. Amma ya koya mini rabin aikin ne, rabin da ake yi a falo. Ɗaya rabin yana bayan labule, ni da shi ba wanda ya leƙa.

Don haka, Babangida, ba wanda ya kore ni. Innarku tambaya ɗaya ta yi a rayuwarta, bayan ta dawo daga bakin kabari, kuma ba ni ta yi wa ba. Ni na ɗauki jakata da hannuna na bar mace marar lafiya a garin da ba ta jin yarensu, don an taɓa mini suna. Ƙanwarka ita ta yi abin da ni da kai ya kamata mu yi. Ka kira su. Kada ka tsaya tsara magana, ka ce Inna ki yafe mini, ita ba ta da dogon bincike.

Ni na kira ta shekaranjiya. Na tarar tana filin bayan gidan, ina jin muryar Madam Kolet tana yi wa kyanwa faɗa. Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi yakuwa, na tambayi tuffa, sannan na ce ina so in zo.

"Kai da wa?" ta ce.

"Ni kaɗai."

"Ka duba bayanka da kyau, Alhaji."

Na duba kuwa, Allah ya gani. Akwai mutum uku a falo a lokacin, biyu 'yan Yamai, ɗaya Bakatsine. Na ce mata zan miƙa su gidan abokina, katifun ma shi zan bar wa. Ban ce mata na warke ba, don ban warke ba. Ko yanzu da nake rubutun nan, wayar can ta yi ƙara sau biyu daga filin jirgi, na kife ta a kan tebur, ƙafata tana ta neman takalmi.

Innarku dai ta saurare ni a wayar har na gama. Sai ta ce babbar tukunyar tana nan, ta cika ta da ƙasa ta shuka tumatir, ya yi kyau ƙwarai. Ta ce ƙaramar kuma har yanzu ta mutum biyu ce, rabi take dafawa.

"Ka zo, zan sauke ka," ta ce. "Amma ka sani, ni ina tambayar baƙona ranar tafiya."

Na ce ta tambaya. Na je ofishin jirgi jiya, yarinyar ta ce in sayi na zuwa da dawowa ya fi sauƙi. Na ce mata meiyo, na zuwa kaɗai nake so.